Kaset ɗin Ranar Hadari

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani shagon kwamfuta a Makarfi, mutane suka laƙaba mini Injiniya, ni kuma na karɓi sunan hannu bibbiyu. Difloma ce kawai gare ni, sai rawar kai. Kullum da safe ina tasowa daga Kudan a kan babur, jaka a rataye, ina jin duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni sanin cikin na'ura.

A ƙuryar shagon akwai wata babbar na'ura ta gwanjo da na sa maigidana ya sayo daga Kano. Ni na zaɓe ta, ni na bugi ƙirji a kanta. Aikinta ta raba kanta gida-gida ta zaunar da ƙananan kwamfutoci a cikinta. Ƙananan nan ba su da gangar jikin da za ka taɓa, amma kowace tana aikinta kamar ita kaɗai ce a wurin. Masu sana'armu suna kiran babbar mai masauki, ƙananan kuma baƙi. Baƙuwa ba ta da ƙwaƙwalwar kanta. Wasu 'yan sanduna ne kore-kore ake sokawa a cikin babbar, memori ke nan, ita kuma ta yanka wa kowace baƙuwa rabonta. To idan wani gurbi a jikin sandar ya lalace, mai masauki ce take fara ji, kuma haƙƙi ne a kanta ta isar wa baƙuwar da ke amfani da gurbin, ta ce mata abin da kika ajiye a nan ya ɓaci, kada ki yi aiki da shi. Baƙuwar sai ta watsar da aikin da ke hannunta, wani lokacin ma ta tsaya cak. Abin ba daɗin gani, amma da wannan tsayawar take tsira daga rubuta ɓarna.

Baƙi biyu ne a tamu. Ɗaya tana yi wa ɗalibai jarrabawar gwaji kafin jarrabawar shiga jami'a, kuma da ita shagon yake cin abinci. Ɗayar ni na buɗe ta da kaina saboda abokina.

Abokin nan nawa ɗan Hunkuyi ne, tare muka yi sakandare. Mahaifinsa malami ne da ya shekara arba'in da wani abu yana ba da karatun littattafai a zaurensa. A cikin masu ɗaukar karatu akwai wani mai sayar da hatsi da ya riƙa zuwa da rediyonsa mai kaset, yana ɗaukar duk abin da Malam ya karanta ya fassara. Shi ya riga Malam rasuwa, iyalinsa suka kawo kasa-kasan gidan Malam. Bayan Malam ma ya rasu, abokina ya ɗauko su a bayan wata motar masara ya sauke mini a shago, kwali huɗu, suna warin danshi da fitsarin ɓera. Ya ce, "Injiniya, muryar tsohon nan ke nan gaba ɗaya. Ka juye mana ita kafin ta ruɓe."

Har ya kai bakin ƙofa ya dawo, yana sosa ƙeya. Ya ce Inna, wato mahaifiyarsa, ta kira shi gefe ta ce akwai kaset guda da take so. Wata rana ce da damina, Malam yana tsakiyar karatu ya hango hadari, ya katse ya yi mata magana ta kan katanga, ta amsa masa. Sai ya juyo ya faɗa wa masu ɗaukar karatu wata magana a kanta. Ita ba ta ji wannan ba, tana cikin gida. An dai gaya mata cewa ya faɗi wani abu kuma rediyo ya ɗauka, amma wa zai maimaita wa matar malaminsa irin wannan? Ita kuma kunya ta hana ta tambaya shekara da shekaru.

Na ce, "Wannan ai ƙaramin aiki ne. In dai yana ciki zan tono shi."

Juyar kaset ba ta da gajeriyar hanya. Sai ka sa shi ya yi ta juyawa daga farko har ƙarshe, ka juya bayansa. Ina zaune da abin ji a kunne ina buga wa mutane takardu, Malam yana karanta mini babin tsarki da na gado. Idan kaset ya ƙare sai in tura wa baƙuwar, ta tace shuuu ɗin da ke ciki, ta matse shi ya ƙanƙance, ta adana. Na farkon, wanda ba a tace ba, sai in goge saboda wuri. Duk Juma'a kuma ta kwafe komai a wani faifai na daban. Da na tsara wannan har na tausaya wa waɗanda ba su da irina a garinsu.

Na gama kwali na farko lafiya. Sai bazara ta shigo, zafi ya sauka, ɗakin kwano ne, fanka ɗaya. Lokacin kuma jarrabawa ta matso, ɗalibai sun cika benci har waje. Ran nan da hantsi, mutum ashirin suna tsakiyar gwaji, baƙuwarsu ta tsaya cak. Na tayar da ita, na ba da haƙuri, na ɗora wa inbata, na'urar da ke riƙe mana wuta, laifi. Bayan kwana biyu ta sake, wannan karon a gaban wani shugaban makaranta da ya kawo ɗalibansa daga Ikara. Maigidana ya ja ni waje ya ce, "Kai ka ce mini wannan abar ba ta mutuwa. In ta sake yi mini haka a gaban mutane, ka nemi wani shagon."

Na koma na buɗe littafin da babbar take rubuta duk abin da ya same ta. Ba a ɓoye abin yake ba. Sanda ɗaya ce ta fara lalacewa, babbar ta ji, ta isar wa baƙuwa, baƙuwa ta tsaya. Kowa ya yi aikinsa daidai. Maganin kuma na san shi: a kashe na'ura, a je Kano a nemo irin sandar, a gwada. Kwana uku ke nan shago a rufe a tsakiyar kakar cinikinmu, sannan in tsaya gaban maigidana in ce kayan da na zaɓa ne ba su da lafiya.

Ban yi haka ba. Na bincika na gano akwai inda ake gaya wa mai masauki cewa idan ta ji irin wannan ta haɗiye, kada ta tsaya, kada ta gaya wa kowa, ta dai rubuta a littafinta. An ajiye wannan ƙofar ne don masu gwaji, har da gargaɗi a kanta, na karanta gargaɗin da idona. Layi biyu na canja. Na ce wa raina mako uku ne kawai, da an gama jarrabawa zan gyara.

Daga ranar ba abin da ya sake tsayawa. Maigidana ya sayo mini tsire, ya ce wa maƙwabta ai yaronsa maye ne. Aka gama jarrabawa, na ce bari a huta. Aka shiga shuka, na ce bari a gama shuka. Abu in ya yi shiru, mutum yakan ɗauka ya warke. A can ciki kuwa sandar tana ta ci gaba da lalacewa, baƙuwar abokina tana ɗora muryar Malam a gurbin da ya ɓaci, ta ɗauko ta a gurɓace ba ta sani ba, ta matse ta adana, ranar Juma'a kuma ta kwafe ɓarnar tsaf a ɗaya faifan. Nakan duba aikin, ba na ce ban duba ba. Sai in buɗe kowane in ji Malam ya yi bisimilla, in ce madalla, in rufe.

A kwali na uku na ci karo da kaset ɗin Inna. Ba rubutu a jikinsa sai sunan littafi. Kamar minti ashirin da farawa, na ji Malam ya tsaya, iska tana kaɗa wani abu kamar tabarma, sannan ya ɗaga murya. Na ji muryar mace daga nesa ta amsa. Na ji abin da ya ce bayan nan, da dariyar da dattawan suka yi ƙasa-ƙasa. Na mayar baya na sake ji har sau uku. Na kira abokina na ce an dace. Ya ce, "Don Allah tura mini a waya yanzu, in kai mata." Na ce a'a, bari a tace shi, in an gama duka in zo da kaina in danƙa mata a hannu. So nake a yi taro, a ce ga Injiniya ya zo. Na tura wa baƙuwar, na goge na farkon, na mayar da kaset cikin kwali.

Da na gama kwali na huɗu abokina ya kwashe su ya mayar gida. Bayan 'yan kwanaki ya zo shago tare da yayansu, wanda ya gaji zauren. Yaya mutum ne mai tsanani a kan abin da ya shafi sunan Allah. Bayan doguwar gaisuwa ya ce kasa-kasan nan cike suke da ayoyi da hadisai, ga shi ɓeraye suna kwana a kansu, wasu sun yi funfuna, kuma ba ya jin daɗin barinsu haka. Yana so a yi musu yadda ake yi wa tsofaffin takardun karatu, a zare zaren a ƙona, a binne tokar a wuri mai tsarki. Ya ce, "Amma sai na ji daga bakinka. Komai ya shiga?"

Na ce, "Komai ya shiga, Yaya. Wuri biyu ma."

Abokina ya dube ni. "Ka tabbata? In akwai saura a dakata, ba sauri ake ba."

A safiyar nan na leƙa littafin babbar na'ura. Na ga layukan sun yi yawa har sai da na gaji da ja ƙasa, na rufe da sauri kamar wanda ya leƙa ɗakin da ba nasa ba. Ina sane da wannan sa'ad da nake zaune gabansu. Da na ce ku ba ni mako ɗaya, ba wanda zai zage ni. Amma dattijo ya taso tun daga Hunkuyi yana kirana Injiniya.

Na ce, "Na tabbata."

Ranar Alhamis suka ƙona su a bayan masallacin gidan.

Wata guda bayan haka na zauna zan juye komai a katin memori na waya in kai. Baƙuwar ta ƙi buɗe wani sashe, ta ce ba ta gane abin da ke ciki ba. Na jona ɗaya faifan, shi ma haka. Na fara buɗe su ɗaya bayan ɗaya, wannan karon ina ji har ciki. Na kwali na farko lafiya lau. Daga na biyu kuwa, wani ya yi minti biyar sai ya ɓarke da ƙara kamar ana yaga kwano, wani ya yi tsalle ya bar rabin babi, wani ko buɗewa ba ya yi. Na bar na Inna sai ƙarshe, don tsoro. Ya fara da kyau. Malam yana karatu, muryarsa tas, har na fara cewa Alhamdu lillahi. Saura kaɗan a kai wurin sai ƙarar ta shigo, kuma ba ta fita ba har ƙarshen kaset.

Na yi duk abin da na sani. Na je Zariya wurin wanda ya koya mini aiki, ya duba littafin na'urar, ya ga layi biyun da na canja, ya cire tabarau ya dube ni. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "Ta yi ta faɗa maka fa. Kullum sai ta faɗa." Ya ce abin da aka matse a gurɓace ba ya dawowa.

Kun san abin da na yi bayan nan? Na sake yin shiru. Mako biyu abokina yana kira ina ce masa ana kan shiryawa, wuta ce ba ta zama. Abinci ya daina shiga. Mahaifiyata ta lura, ta tsare ni wata rana da la'asar tana tsince wake, ta ce ba inda zan je sai na faɗa mata.

A nan sai na koma baya kaɗan. Ina makaranta mahaifina ya kwanta ciwon ajali. Duk sanda na kira gida, mahaifiyata sai ta ce zazzaɓi ne, ya ji sauƙi, ya fita gona. Ranar da kawuna ya kira ya ce in zo gida jikin ya ɗan motsa, an riga an dawo daga maƙabarta. Haka ake yi a wurinmu, ba a jefa wa na nesa mummunan labari. Ni kuwa na riƙe abin a raina shekaru, ina ganin an ƙwace mini sallama da ubana. Ban taɓa faɗa mata ba, amma ta sani.

Na kwashe labarin na'ura na gaya mata yadda za ta gane. Ta ci gaba da tsince wakenta. Sannan ta ce, "Ni ma cewa na yi bari ka gama jarrabawa. Kwana tara ne suka rage maka. Na ɗauka zai kai." Ta ture faifan waken gefe. "Gobe ka tafi Hunkuyi. Kada ka aika, kada ka kira. Ka je da ƙafarka."

Na je. A zaure na faɗa wa abokina da Yaya, ban rage komai ba, har da littafin da na leƙa a safiyar da suka zo. Yaya ya yi salati, ya sunkuyar da kai, ya ce shi ya kunna ashanar da hannunsa. Abokina bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Sau biyu aka tambaye ka." Sannan ya miƙe ya ce, "Taso. Kai za ka faɗa mata."

Inna tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, idonta ya fara rauni. Na durƙusa na gaishe ta, ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi aiki, ta tambayi damina, duk na amsa lafiya. Ta ce, "Ɗan nan, an ce ka samo mini abin nan." Na faɗa mata. Ban san yadda kalmomin suka fito ba. Ta saurara har na gama, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Sai ta ce, "Amma kai ka ji shi?"

Na ce, "Na ji, Inna."

"To faɗa mini yadda ya ce."

Na ce, "Ya ce, ke 'yar mutanen Taba, ga hadari fa, ga geronki a shanye."

Ta girgiza kai. "Sai da ya yi gyaran murya tukuna. Ba ya kirana sai ya yi gyaran murya. Kuma dawa ce, ba gero ba." Ta gyara mayafinta. "Na ce masa na gani, Malam. Wannan duk na sani. Sauran nake so."

Na ce, "Ya ce da su, kun ji ko, ta riga ni gani. Shekara talatin ban taɓa riga ta ganin komai a gidan nan ba, ni dai karatun ne nawa."

Abokina ya juya ya fuskanci katanga. Can ta ce, "Haka ya ce?" Na ce haka ya ce. Ta ce, "Tunda ka mai da dawa gero, ban sani ba ko nan ma ka ƙara ko ka rage." Ba da faɗa ta faɗa ba. Gaskiya ce kawai, kuma ba ni da abin da zan nuna mata.

Ta ce in kunna mata abin da ya saura. Na ce Inna ƙara ce kawai a wurin. Ta ce in kunna. Na ajiye wayar a gefen tabarma, Malam ya yi bisimilla ya shiga karatu, ta sunkuyo da kunnenta. Da ƙarar ta ɓarke na kai hannu zan kashe, ta riƙe mini hannu. Haka muka zauna mu uku, wayar tana ta yage-yage, ita tana saurare kamar mai jiran a buɗe ƙofa, har kaset ya kai ƙarshe.

Ta rasu damina biyu bayan nan. Na je gaisuwa, aka karɓe ni da mutunci. Ni da abokina muna gaisawa har yau, ya zo sunan 'yata, na je na ɗansa. Amma tun daga ranar bai sake kirana Injiniya ba, sunana na yanka yake kira, kuma bai sake ba ni ajiyar ko da lambar waya ba. Ban ga laifinsa ba.

Har yanzu wannan sana'ar nake yi. Duk na'urar da na haɗa, abin da nake fara tabbatarwa shi ne idan memori ya sami matsala labari zai isa wurin baƙi nan take, ko da za su faɗi a gaban gwamna. An zage ni a kan haka ba sau ɗaya ba, na shanye. Na gane cewa tsayawar da nake jin kunyarta ita ce kaɗai abin da ke aiki daidai a ɗakin nan. Ban kuma ƙara riƙe mahaifiyata a rai ba, don na ɗanɗana yadda shirun nan yake zuwa. Ba da mugunta yake zuwa ba, zuwa yake da cewa bari a ɗan jima.

Kaset ɗin yana nan a wayata, na canja waya sau huɗu ina tafe da shi. Wani lokacin nakan kunna, in bi Malam har bakin wurin. Ni kaɗai na rage a duniya da na ji abin da ke bayan ƙarar nan da kunnena, kuma ko ni yanzu ba na iya rantsewa ko shekara talatin ya ce ko arba'in.